Koliyos da sanyin Turai: uwar za a shigar ɗaki ko reshe za a yanka?

Maman Hanifa (Manchesta): Assalamu alaikum 'yan uwa masu lambu. Ina neman shawara a kan koliyos, shukar nan mai ganye ja da kore da ruwan ɗorawa, wadda ake ajiyewa don ganyenta ba don furenta ba. Ina da ita a tukwane a bayan gida tun watan Yuni, ta yi kyau ƙwarai, ɗaya har ta kai mini gwiwa. Yanzu Satumba ya zo ƙarshe, dare ya fara sanyi, da safe sai in ga ganyen ya yi yaushi. Maƙwabciyata ta ce a ƙasar nan shekara ɗaya take yi, sanyi na shigowa ta mutu, sai a sayi sabuwa baɗi. Ni kuwa akwai wata mai jan ciki da bakin ganye kore shar da ba na so in rasa. Akwai dabara?

Hajiya Asabe (Toronto): Wa alaikumus salam ɗiyata. Maƙwabciyarki abin da ta saba gani ta faɗa, amma ba haka halittar shukar take ba. Koliyos 'yar ƙasar zafi ce, inda ba a sanyi tana yin shekaru a raye. Da zarar dare ya sauka ƙasa da digiri 10 za ta fara wahala. Ranar da raɓa ta daskare a kanta kuwa, da safe za ki tarar ta yi baƙi ta kwanta, kuma daga wannan kwanciya ba ta tashi. Saboda haka aikin na makon nan ne, ba a fafe gora ranar tafiya.

Ki ɗauki almakashi mai kaifi, ki wanke shi. Ki duba rassan da suke da ƙarfi, masu launin da kike so, waɗanda ba su fara fure ba. Ki yanko daga kai, tsawon santimita 10 ko kusa da haka. Inda za ki yanka shi ne ƙarƙashin gaɓa kaɗan, wato wurin da ganye biyu suka fito suna fuskantar juna, don daga nan saiwa ta fi saurin fitowa. Ki cire ganyen ƙasa duka, ki bar biyu ko huɗu na sama. In ganyen manya ne ki yanke rabin kowanne, don kada ya janye ruwan jikin reshen tun bai yi saiwa ba. Sai ki tsoma a kwalbar ruwa, ki tabbata babu ganyen da ya nutse, domin shi ke ruɓewa ya ɓata ruwan. Ki ajiye a taga mai haske, kina sauya ruwa bayan kwana biyu ko uku. Cikin mako ɗaya zuwa biyu za ki ga fararen saiwoyi sun tsiro daga gaɓar, sirara, wasu ma daga jikin karan. In sun kai tsawon gaɓar yatsa biyu ki dasa a ƙaramar tukunya.

Kuma ki yanka fiye da yadda kike buƙata. In uku kike so ki ga Afrilu da su, yanki shida.

Maman Hanifa (Manchesta): Allah ya saka da alheri Hajiya. To ita uwar fa? In bar ta a waje ta mutu ke nan? Wallahi tana ba ni tausayi.

Hajiya Asabe (Toronto): Ki bar ta. Reshen da kika yanka ita ce, ba wata ba, launi ɗaya, komai ɗaya. Kin ga yadda ake yi da rogo a gida? Ba wanda ke tattalin tsohon gindi, itacen ake sarewa a ajiye a dasa. To haka.

Baban Sadiq (Minesota): Hajiya ranki ya daɗe, a nan kam ban bi ki ba. Da tsohuwar zuma ake magani. Ni uwar nake shigarwa ɗaki, kuma garinmu ya fi naku sanyi, digiri 20 ƙasa da sifili ba abin mamaki ba ne a Janairu. Ina da wadda karanta ya riƙa ya zama itace, na cire mata rassan ƙasa na bar kai ɗaya ya yi tuntu a sama, duk wanda ya shigo sai ya tambaya wace bishiya ce. Da reshen bana ba za ki samu wannan ba. Abin da nake yi, kafin sanyi in rage mata tsawo da kusan kashi ɗaya cikin uku, in wanke ganyen sama da ƙasa da ruwa, in duba ƙwari, sannan in fara shigar da ita da dare ina fitar da ita da rana har ta saba da iskar ɗaki. Daga nan ta zauna ƙarƙashin fitila har Mayu.

Maman Hanifa, in kina son uwar ki shigar da ita, ba laifi ba ne.

Hajiya Asabe (Toronto): Malam, ai ka faɗi sirrin da bakinka: fitila. Kai kana da ɗakin ƙasa da fitilar shuka. Ita yarinyar nan taga gare ta. Babbar shuka da ta saba da ranar Yuli, a kai ta tagar Manchesta a Disamba, ganye za ta zubar har ta koma tsinke. Ga ƙwarin da za ta shigo da su a cikin ƙasar tukunya. Ƙaramin dashe kuwa tun farko a wannan hasken ya taso, da shi ya saba, kuma ba ya cin wuri.

Baban Sadiq (Minesota): Zubar da ganye gaskiya ne, ko tawa tana zubarwa a farkon shigarta. Amma tana sake toho. Fitilar kuma ba wata tsada ba ce. Mai wat 20 in ta yi awa 12 a rana, a wata guda yunit 7 na wuta take ci, ko ya ɗara kaɗan. Kowa ya lissafa da kuɗin wutar garinsu.

Abu Maryam (Balin): Ni dai ku yi haƙuri da ni, ban ga abin wahala a nan ba. A watan Mayu kowane kantin kayan lambu cike yake da koliyos, kuɗinta bai kai na abincin rana ba. Ko ka sayi fakitin iri ka shuka a Maris ka samu fiye da yadda za ka iya dasawa. Wata bakwai mutum yana hidimar abin da zai saya da 'yan canji? Gidajen nan ma ƙanana ne, tagar da za a cika da kwalabe ita ce yara ke samun haske.

Maman Hanifa (Manchesta): Yaya Abu Maryam, da kowace iri ce da na bi shawararka. Wannan ɗin ce ban sake ganin irinta ba, na zaga kantuna na duba. In na bar ta ta yi fure na tara 'ya'yan fa, in shuka baɗi?

Malam Garba (Samaru): Salamu alaikum. Bari in sa baki a nan, don fannin da na karanta ne. Maman Hanifa, 'ya'yan ba za su ba ki abin da kike so ba. Yawancin koliyos na kanti an samo su ne ta hanyar barbara tsakanin iri daban-daban, shekara da shekaru. In kin shuka 'ya'yan taki, wasu za su fito kore zalla, wasu ja mai duhu, wasu da zane dabam, da wuya ki ga wadda ta ɗauko uwar sak. Reshe ne kaɗai ke riƙe launin yadda yake. Shi ya sa manyan gidajen renon shuka ma da reshe suke yaɗa irin da suka yi suna. Abu Maryam yana da gaskiya ga wanda kowane launi ya yi masa. Ga wanda ya ƙwallafa rai a kan guda ɗaya, maganar Hajiya ce.

Wanda zai shuka iri kuma ya kula, ƙanana ne ƙwarai kuma suna son haske kafin su tsiro. A barbaɗa su a saman ƙasa mai danshi, a danna kaɗan da yatsa, kada a rufe su da ƙasa. A wuri mai ɗumi, digiri 21 zuwa 24, cikin mako biyu za a ga tsiro. Da fari duk kore suke fitowa, sai ganye na gaba launi ke bayyana, don haka kada a yi saurin tugewa.

Game da fure, in ba iri ake nema ba a tsinke shi da ya leƙo. Siririn zangarniya ce mai ƙananan furanni shuɗi-shuɗi, ba ta da wani kyau, kuma da shukar ta juya ga yin 'ya'ya sai ganye ya ragu, ta miƙe ta rame.

Hadiza (Liyon): Sannunku. Ni tambayata dabam ce. Akwai furannin da nake gani mutanen nan suna tone gindinsu kafin sanyi, su busar, su ajiye a kwali a wuri mai duhu, in ɗumi ya dawo su binne. Ba za a yi wa koliyos haka ba? Da ya fi sauƙi, ba ruwa ba taga.

Malam Garba (Samaru): Ba za ta yiwu ba 'yar uwa. Waɗancan suna da dankali a ƙasa inda suke tara abinci, shi ke kwana ya tashi. Koliyos ta ado saiwa ce kawai gare ta, siririya, in ta bushe ta mutu. Ba ta barcin hunturu, dole ta wuce sanyin tana raye da ganyenta.

Amma tambayarki ta taɓo wani abu. Tana da 'yan uwa na jini da ke yin dankalin, kuma namu ne: rizga da tumuku. A 2019 masana tsirrai na lambun Kew da ke Landan da abokan aikinsu suka sake tsara wannan dangi, rizga da tumuku da koliyos ta ado duk suka koma ƙarƙashin suna ɗaya. Ita ta adon asalinta kudu maso gabashin Asiya ne har zuwa arewacin Ostareliya, daga tsibirin Java aka kai ta Turai a tsakiyar ƙarni na 19, Turawa suka yi ta yayinta a lambunansu. Babban gidan nasu kuma shi ne na na'ana'a da ɗaɗɗoya. Ki murza karan koliyos tsakanin yatsunki, za ki ji ba zagayayye ba ne, kusurwa huɗu gare shi, ganyen kuma bibbiyu suke fitowa suna kallon juna. Ki je ki taɓa ɗaɗɗoya, haka za ki ji.

Anti Ladi (Jos): Kai, Malam ka tuna mini gida! Rizga ai abincinmu ne a Filato, mata ne suka fi noma ta. Dogaye ne 'ya'yan, sirara, a tafasa a ci da ƙuli da yaji, ko a kankare a ci ɗanye. Da kaka ake tonowa, a ware na iri a ajiye a wuri mai sanyi har ruwa ya sauka. Ban taɓa kawo wa raina cewa ita da fulawar da ke ƙofar gidana dangi ba ne. Na fita yanzu na taɓa karan, wallahi kusurwa huɗu ne.

Hadiza (Liyon): To in aka kawo mini tumuku daga gida in gwada a baranda fa?

Abu Maryam (Balin): Kada ki sa kowa ya ɗauko miki a jaka. Shigo da shuka ko dankalin dashe cikin Tarayyar Turai daga waje sai da takardar shaidar lafiyar tsirrai. Ingila ma haka. Za a karɓe a filin jirgi, wanda ya ɗauko ya shiga damuwa a banza.

Malam Garba (Samaru): Ko an samu ta hanyar da ta dace, tumuku na son watanni masu yawa na zafi kafin ya yi 'ya'ya. Ganye za ki samu, abin ci kuwa da wuya.

Ummu Khalil (Kano): Mu na gida a ba mu dama mu ma. Ina karanta ku ina jinjina wahalar da kuke sha. Mu a nan hunturu ba ya kashe ta da sanyi, bushewa ce matsalar. Iskar Disamba da Janairu na shanye tukunya kafin la'asar, bakin ganye ya ƙone ya yi ruwan ƙasa, ƙura ta lulluɓe launin har ba ka gane ja da kore. Ni ina jawo su jikin katanga inda iska ba ta bugu, in yayyafa wa ganyen ruwa da safe in wanke ƙurar. Amma lokacin da muka fi asara bazara ce, Maris zuwa Mayu, zafi ya haura digiri 40. Wadda rana ta tsaka ta samu, kwana kaɗan ta gama. Ƙarƙashin darbejiya nake kai su, su sami ranar hantsi kawai, ruwa safe da yamma. Damina na sauka kuwa ko karya reshe ka yi ka soka a ƙasa sai ya kama.

Anti Ladi (Jos): Mu Jos muna tsakiya. Daren Disamba da Janairu yakan yi sanyin da za ki ga ta tsaya cak ba ta girma, ganye ya ɗan lanƙwashe. Ba ta mutuwa dai. Ina matsar da tukwanen ƙarƙashin rumfa, in daina ba su ruwa da yamma sai da hantsi. Sauran shekara kuwa Jos garinta ne, har a bakin hanya masu sayar da fulawa ke jera ta.

Ummu Khalil (Kano): Tambaya ga malamai. In na ga mai kyau ta leƙo ta katangar wani, ko a harabar wata ma'aikata, in tsinki ɗan reshe, akwai laifi? Ba ya rage ta da komai, ƙara mata yaɗo ma yake yi.

Hajiya Asabe (Toronto): Ɗiyata ki yi sallama ki roƙa. Kayan mutane ne ko da ganye ɗaya ne. Kuma ban taɓa ganin mai lambun da aka yaba wa shukarsa aka roƙi reshe ya hana ba, har da wata zai ƙara miki.

Maman Hanifa (Manchesta): Na dawo da labari. Na yi duka biyun: na yanki rassa kamar yadda Hajiya ta ce, na kuma shigar da uwar guda ɗaya kamar yadda Baban Sadiq ya ce. Rassan duk sun yi saiwa ban da ɗaya da gindinsa ya yi laushi ya yi baƙi. Sai dai ban san wace taga zan ba su ba, kuma wace ƙasa zan zuba.

Abu Maryam (Balin): Tunda kin ɗauri aniya bari in taimaka. Tagar da ke kallon kudu ita ce mai rana a hunturu. In kin fuskanci alƙibla a Manchesta, kudu maso gabas kike kallo, to kudu na hannun damanki. Tagar da ke wannan ɓangaren, ko ta alƙiblar kanta, duk sun yi.

Hajiya Asabe (Toronto): Na Kanada da Amurka kada ku bi wannan lissafin, mu alƙiblarmu arewa maso gabas take. Ku duba inda rana take da azahar, nan ne kudu.

Ƙasa kuma ki sayi ta buhu wadda ake sayarwa don tukwane, kada ki ɗebo ta bayan gida, tana daskarewa ta riƙe ruwa, ga ƙwari. In kin samu fararen tsakuwoyin nan marasa nauyi da ake haɗawa da ita, ki zuba kashi ɗaya cikin huɗu, ko yashi mai tsakuwa. Tukunya ƙarama, mai huji a ƙasa. Babbar tukunya ga ƙaramin dashe ruwa kawai take tarawa. Abu biyu kuma ki kiyaye a tagar. Kada ganye ya taɓa gilashi, da dare gilashin ƙanƙara ne. Sannan kada ki ja labule ki bar su tsakanin labule da gilashi, nan ne wuri mafi sanyi a ɗakin. In hita na ƙarƙashin tagar, kamar yadda aka saba a gidajen Ingila, ki sa katako ko tire a ƙarƙashin tukwanen don kada zafin ya riƙa bugun gindinsu kai tsaye.

Hadiza (Liyon): Ni nawa a ruwa na bar su, ban dasa ba. Wata ta ce mini har bazara suna iya zama a kwalba.

Malam Garba (Samaru): Suna iyawa in ana sauya ruwan, mutane da yawa na yin haka. Sai dai saiwar da ta daɗe a ruwa takan yi tsawo ta cukurkuɗe, ga saurin karyewa, ranar da aka kai ta ƙasa sai shukar ta yi kwanaki tana yaushi. Ruwa kuma ba shi da abincin da zai riƙe ta wata da watanni. In wuri ne ya yi miki kaɗan ki bar su, amma ki dasa ko biyu ne a ƙasa don kada ki dogara da hanya ɗaya.

Maman Hanifa (Manchesta): Jama'a a taimaka, Janairu ya zo mini da matsala. Ƙananan suna nan da rai amma sun miƙe sun yi dogon wuya, tsakanin ganye da ganye ya yi nisa, jan ya koɗe ya koma kore-kore. Uwar kuwa ganye take zubarwa kullum, sai in share da safe in sake tararwa da yamma. Ganyen na yin ɗorawa kafin ya faɗi. Ina ba su ruwa yadda nake ba su a waje. Ga wasu ƙananan baƙaƙen ƙudaje da ke tashi in na taɓa tukunyar.

Hajiya Asabe (Toronto): Ki dakata da ruwan nan yau ɗin nan. A ɗaki, a hunturu, ruwa ya fi sanyi kashe koliyos. A waje rana da iska ke shanye shi, ita ma tana girma tana sha. Yanzu girman ya tsaya, ruwan zama yake yi a gindi, saiwa ta rasa iska ta ruɓe. Abin da ke ruɗar mutane shi ne, wadda saiwarta ta ruɓe yaushi take yi kamar mai jin ƙishi, sai a ƙara mata. Ki soka yatsa a ƙasar har gaɓa ɗaya. In kin ji danshi ki ƙyale ta. Sai ya bushe ki ba ta, ruwan da ba mai sanyi ba, ki bari ya tsiyaye, ki zubar da wanda ya taru a faranti. Ki ɗaga tukunyar ma ki ji nauyinta, da sannu hannunki zai gane mai ruwa da marar ruwa. Taki kuma kada ki sa ko kaɗan sai Maris.

Ƙudajen nan jiƙaƙƙiyar ƙasa ce ta kawo su, a cikinta suke ƙwai. In saman ƙasar na bushewa za su ragu. Akwai 'yar takarda ruwan ɗorawa mai danƙo da ake sokawa a tukunya, tana kama manyan.

Malam Garba (Samaru): Dogon wuyan da koɗewar kuma ƙarancin haske ne. Ki duba, a ƙarshen Disamba yinin Manchesta kusan awa 7 da rabi ne, shi ma galibi da hadari. A Kano a wannan lokacin ya haura awa 11. Jan da kike gani wani sinadari ne da ganyen ke ƙara yi idan haske ya wadata. In haske ya yi ƙasa sai ta rage shi ta ƙara koren da take dafa abinci da shi, ta kuma miƙa wuya tana neman rana. Launin bai ɓata ba, sabon ganyen da zai fito a Afrilu zai dawo da shi. Ki tsinke kan kowane dashe da farce, daidai saman ganye biyu. Daga hammatar ganyen nan biyu rassa biyu za su fito, maimakon sanda ɗaya ki samu mai cika. Ki riƙa juya tukunyar kuma don kada ta karkata gefe ɗaya.

Baban Sadiq (Minesota): Uwar kuma ki zare ta daga tukunya ki duba saiwar. In fara ce mai ƙarfi, da sauranta, rage ruwa kawai. In ta yi ruwan ƙasa, tana silɓi, tana wari, ki yanke ruɓaɓɓen ki sauya ƙasa. Ki kankari karan da farce kaɗan, in kore ne a ciki tana raye ko da ba ganye ko ɗaya. Kuma ki leƙa hammatar ganye da bayansa. In kin ga wani farin abu mai kama da auduga ya manne, ƙwaro ne mai tsotsar ruwan shuka, ki jiƙa auduga da sifirit ki goge shi ɗaya bayan ɗaya, ki sake dubawa bayan mako. In kuma ganye ya yi ɗige-ɗige kamar an soka masa allura, da siririyar saƙa a ƙasansa, wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari ne da ke son busasshiyar iskar hita. Ki kai ta banɗaki ki wanke ta da ruwa mai ɗumi-ɗumi, musamman bayan ganyen. Wadda ta kamu a raba ta da sauran.

Ummu Khalil (Kano): Mu ganyen darbejiya muke dakawa mu jiƙa ya kwana, mu tace mu sa ɗan sabulu mu fesa da yamma. Na ji ana sayar da man darbejiyar a can ma.

Baban Sadiq (Minesota): Ana sayarwa. A gwada a ganye ɗaya tukuna a ga yadda zai yi, ganyen koliyos ba shi da kauri.

Anti Ladi (Jos): Maman Hanifa, tunda akwai ƙaramar yarinya a gidan, ki ɗaga su inda hannunta ba ya kai. Dangin rizga ce amma ita ba a ci. Masu kyanwa ma su kula, tana ɓata musu ciki in sun tauna.

Maman Hanifa (Manchesta): Na gode Anti, suna sama. Na zare uwar, rabin saiwar ya tafi, na yanke na sauya ƙasa. Ƙananan kuwa tunda na rage ruwa na tsinke kawunansu sun fara fitar da toho bibbiyu.

Abu Maryam (Balin): Ina nan a kan bakana cewa ga yawancin mutane saye ya fi. Amma Hajiya, matata ta ga hotunan da ake turowa ta ce lallai bana sai mun ajiye. Yaushe ake mayar da su waje?

Hajiya Asabe (Toronto): Ka gaishe ta, ka ce ta yi dabara. Kafin fita akwai aiki ɗaya da na fi so a duk shekara. Wajen ƙarshen Fabrairu zuwa Maris, yini ya fara tsawo, waɗanda suka sha hunturu za su farka. A lokacin ake sake yankan rassa daga jikinsu. Waɗannan na biyun su ne ke yin kyau a waje, don da ƙarfinsu suka taso, ba su sha duhun Disamba ba. Dashe ɗaya da ya tsallake sai ya ba ka biyar ko fiye. Nan ne kuma ake fara taki, rabin abin da aka rubuta a jikin kwalba.

Fita kuwa kada rana mai daɗi ta Afrilu ta ruɗe ku. Dare ake dubawa. Sai ya daina sauka ƙasa da digiri 10, wanda a wurinmu da Ingila da Jamus yakan kai ƙarshen Mayu, wani lokaci farkon Yuni. Kuma ba a fitar da su gaba ɗaya. Ranar farko awa biyu a inuwa inda ba iska, a dawo da su. Kullum a ƙara kaɗan, a fara nuna musu ranar safe, bayan mako ɗaya ko kwana goma su kwana a waje. Wadda aka ɗauko daga taga aka dire a tsakar rana, ganyenta fari yake yi ya ƙone a yini ɗaya.

Baban Sadiq (Minesota): Mu nan sai Yuni ya kama nake yarda su kwana a waje. Maman Hanifa, yaya uwar?

Maman Hanifa (Manchesta): Ganye ya ƙare mata tas, amma na kankara na ga kore, kuma akwai wasu 'yan ƙananan idanu da suka kumbura a gaɓoɓin ƙasa. In rage mata tsawo yanzu ko in jira?

Baban Sadiq (Minesota): Ki jira idanun su buɗe ki ga waɗanda suka yi ƙarfi, sannan ki yanke abin da ke samansu, ki bar kamar rabin santimita a kan gaɓar. Ruwa kaɗan-kaɗan har ganye ya fito, don yanzu ba ta da abin da za ta sha da shi.